Maganin Hawan Jini da Faɗuwar Sukari: Gargaɗi ga Masu Wankin Ƙoda

Daga cikin magungunan da likitoci ke ba masu hawan jini da ciwon zuciya akwai wani jinsi da ake kira beta-buloka. Ana gane su da sunayensu, domin yawanci sukan ƙare da "lol", kamar propranolol da atenolol da metoprolol da carvedilol. Wani masani ɗan Birtaniya, James Black, shi ya ƙago propranolol, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1988. Magungunan nan sun ceci rayuka masu yawa, amma akwai abin da ya wajaba mai wankin ƙoda ya sani game da su.

Yadda suke aiki

A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari, adiranalin, wanda ke tashi sa'ad da jiki ya shiga hatsari. Idan sukarin jini ya faɗi, shi ne ke sa zuciya bugawa da sauri, hannu ya kama rawa, kuma ya umurci hanta ta saki sukarin da ta ajiye. Aikin beta-buloka shi ne tare wa adiranalin hanya domin zuciya ta huta. To, a nan gizo ke saƙar. Sukari na iya faɗuwa ba tare da faɗuwar gaba ko rawar jiki ba, kuma yakan yi jinkirin komawa daidai, musamman ga mai shan propranolol. Alamar da ba ta ɓuya ita ce gumi.

Dalilin da hatsarin ya fi ga mai ciwon ƙoda

Lafiyayyar ƙoda tana kawar da wani kashi na insulin daga jini, tana kuma taimakon hanta wajen sarrafa sukari. Idan ta gaza, insulin sai ya daɗe a jiki yana ta rage sukari. Ga kuma rashin son abinci da ke damun masu wannan ciwo, ga injin wanki da kan ɗebi sukari daga jini. Saboda haka mai ciwon sukari da ke allurar insulin shi ya fi kowa bukatar lura, tun ba ranar wanki ba.

Har ila yau, daɗewa a kan tsofaffin irin, watau propranolol da atenolol, kan ɗaga sukari da kitsen jini kaɗan, ya ƙara ƙiba. Propranolol kuma na iya ɗaga fotasiyam, wanda yawansa ke rikita bugun zuciya. Carvedilol bai cika taɓa sukari ba. Injin yakan wanke atenolol daga jini, shi ya sa akan sha shi bayan an gama wanki.

Abin da za a yi

1. A riƙa auna sukari, musamman kafin wanki da bayansa. Ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, watau 3.9 a mmol/L, faɗuwa ce.

2. Gumi ba dalili, ko jiri, ko ruɗewar magana, ko yunwa mai tsanani, duk a ɗauke su gargaɗi ne.

3. A ba majiyyaci babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, a sake aunawa bayan minti 15. A guji ruwan lemo da ayaba, domin fotasiyam ya yi yawa cikinsu.

4. Wanda ya suma kada a ɗura masa kome a baki. A garzaya da shi asibiti.

5. Mai niyyar azumi ya fara shawartar likitansa.

6. Kada a daina shan maganin farat ɗaya, domin zuciya na iya tayar da bugu, har ta kai ga ciwo mai kisa. Likita kaɗai ke da ikon rage shi ko sauya shi.

Ya kamata iyalin majiyyaci su ma su san waɗannan alamu, gama sau da yawa su ne za su fara ganin abin da shi bai ji a jikinsa ba. Rigakafi ya fi magani.