Doka ta Yi Kaifi a Kaduna, Amma Wa Zai Kai Ƙara?

A watan Satumba na 2020 Gwamna Nasiru El-Rufai ya sa hannu a kan gyaran da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta yi wa kundin hukunta laifuffuka. Gyaran ya ce duk namijin da kotu ta samu da laifin yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, a dandaƙe shi sannan a kashe shi. In wadda aka yi wa ta haura 14, dandaƙa ce da ɗaurin rai-da-rai. Mace ma ba ta tsira ba, in ita ce mai laifin. A lokacin ƙasa ta ɗauki zafi, domin a watan Yunin shekarar ne gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, bayan ta'asar ta yawaita a zaman kullen korona.

Mutane da yawa sun yi murna. Daga waje kuwa, shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, Michelle Bachelet, ta ce dandaƙa ta saɓa wa dokokin duniya. Aka yi ta cacar baki a rediyo, har aka manta da wata dokar da ta riga wannan. Tun 2018 Kaduna ta yi tata dokar hana cin zarafin mutane, tana bin sawun ta tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, wadda Abuja kaɗai ta shafa. Irin wannan doka ta wuce batun fyaɗe: dukan mata na cikinta, kuma mace na iya neman kotu ta yi mata katanga da mai cutar da ita.

To amma dokar da Majalisar ta zartar a zaurenta na Lugard Hall ba ta da ƙafar da za ta taka zuwa lungun Unguwar Shanu ko Hayin Banki. Sai an ɗauko ƙara an kai mata. A nan ne gizo ke saƙar.

Yadda abin ya saba faruwa ba ɓoyayye ba ne. Uwa ta gano abin da ya sami 'yarta, hankali ya tashi, ta yi mata wanka da ruwan zafi, ta wanke tufafin. Tausayi ne ya sa ta, amma shaida ta bi ruwa. Kafin magariba dattawan gidan wanda ake zargi sun sallamo: "A rufa asiri, a yi haƙuri, kada a ɓata wa yarinya suna." Mai laifin kuwa galibi ba baƙo ba ne, maƙwabci ne, ko mai shagon layi, ko ma ɗan gida. Ni a ganina, tsananin hukuncin kansa na iya ƙara wa iyaye nauyin baki, domin ba kowa zai iya miƙa ɗan ɗan'uwansa ga hukuncin kisa ba. Sai a yi sulhu a zaure, mutumin ya koma harkarsa, yarinyar kuma a ɗauke ta a kai ta ƙauye kamar ita ta yi laifin.

Wanda ya daure ya kai ƙara ma da sauran tafiya. Babban laifi irin wannan ya fi ƙarfin kotun majistare, sai 'yan sanda sun gama bincike, fayil ya je ma'aikatar shari'a, kafin a gurfanar da mutum a Babbar Kotu. Watanni na shuɗewa, ana ta ɗage zama, kuɗin mota ya ƙare, shaidu su gaji. Mai sana'ar hannu da ke rufe shago duk ranar zaman kotu, yaushe zai jure? Gwamnatin da ke son a yarda da gaske take yi, nan ya kamata ta zuba kuɗi: a bincike, da lauyoyin gwamnati, da hanzarta shari'a.

Akwai dai abin da ya samu. Jihar na da cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka ci wa zarafi, ɗaya a Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, wasu a Kakuri da Zariya da Kafanchan. A can ake duba lafiya, a kwantar da hankali, a rubuta rahoton likita da kotu za ta dogara da shi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma na tsaya wa marasa ƙarfi.

Saboda haka, iyaye, in wannan masifa ta faɗo, Allah Ya kiyaye, kada a yi wanka, kada a wanke tufafi, a nufi asibiti nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shan sa. Masu unguwanni da limamanmu kuma, ku ji tsoron Allah: fyaɗe ba rikicin kan iyakar fili ba ne da za a sasanta a zaure. Ku raka iyayen zuwa ofishin 'yan sanda.