Matsalar masauki ga matasan da aka kora daga gida bisa zargin neman jinsi ɗaya

A watan Afrilun 2017, 'yan sanda sun kama mutane 53 a wani otal da ke Zariya, a Jihar Kaduna, bisa zargin cewa sun halarci bikin auren wasu maza biyu.

An gurfanar da su gaban kotun majistare bisa tuhumar haɗa baki da yin taro ba bisa ƙa'ida ba da kuma shiga haramtacciyar ƙungiya. Sun musanta zargin, lauyansu ya ce bikin zagayowar ranar haihuwa suke yi, kotu kuma ta ba da belinsu.

Labari irin wannan yakan ƙare a jaridu da zarar an ba da beli. To amma ga matashin da sunansa ko hotonsa ya fita, sau da yawa a nan wahalar take farawa, domin mai yiwuwa ne ya tarar an rufe masa ƙofar gidan ubansa, ko mai gidan haya ya fitar masa da kayansa waje.

A ƙasashe da dama akwai ƙungiyoyin da ke tara kuɗi a bainar jama'a domin samar wa irin waɗannan matasa wurin kwana. A Najeriya kuwa, aikin yana cin karo da doka da addini da kuma ra'ayin akasarin jama'a.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Wani bincike da Cibiyar Williams ta Jami'ar California ta wallafa a 2012 ya gano cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na matasan da ke neman taimako a cibiyoyin marasa matsuguni a Amurka, masu neman jinsi ɗaya ne ko kuma masu sauya jinsi. Babban dalilin da binciken ya bayar shi ne saɓani da iyaye: ko dai an kore su, ko kuma sun gudu.

A birnin New York an kafa Cibiyar Ali Forney a 2002 da gadaje shida kacal a ƙarƙashin ginin wani coci. An sa mata sunan wani matashi ne marar matsuguni da aka harbe har lahira a unguwar Harlem a 1997. Lokacin da 'yar wasan kwaikwayo Bea Arthur ta mutu a 2009, ta bar wa cibiyar wasiyyar dala 300,000.

A Ingila, ƙungiyar Albert Kennedy Trust ta samo asali ne a Manchester a 1989, bayan mutuwar wani yaro ɗan shekara 16 da ya gudu daga gidan kula da yara. A Faransa an kafa Le Refuge a birnin Montpellier a 2003, yayin da a Sao Paulo ta Brazil aka buɗe gidan Casa 1 a 2017 da kuɗin da jama'a suka tara ta intanet.

Abu guda da ya haɗa waɗannan wurare shi ne, duk a fili suka yi aikinsu. Suna da rajista da asusun banki da adireshi, kuma mai ba da gudunmawa yana iya neman a nuna masa inda kuɗinsa suka shiga.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

A watan Janairun 2014 ne shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa hannu kan dokar haramta auren jinsi ɗaya, wadda aka fara gabatar da ƙudurinta tun a 2006, zamanin mulkin Olusegun Obasanjo.

Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure. Ta kuma tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar da ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya, da ma wanda ya tallafa wajen ɗorewarta.

Wannan batu na tallafi shi ne ya fi shafar masu neman tara kuɗi. Dokar ba ta ambaci ba da hayar ɗaki ko ciyar da mai jin yunwa ba, amma kalmominta suna da faɗin da zai sa mai ba da gudunmawa ya ji tsoron kada a lissafa shi cikin masu laifi. Lauyoyi masu kare haƙƙin ɗan'adam sun daɗe suna cewa wannan tanadi ya saɓa wa sashe na 40 na tsarin mulki, wanda ya ba da 'yancin taro da kafa ƙungiya.

A 2017 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙi yi wa wata ƙungiya rajista saboda sunanta ya ambaci 'yan maɗigo. Wadda ta nemi rajistar, Pamela Adie, ta kai ƙara, amma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta kori ƙarar a watan Nuwamban 2018.

Ƙungiyar da ba ta da rajista ba za ta iya buɗe asusun banki da sunanta ba, kuma manyan masu ba da tallafi ba sa zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya.

Baya ga dokar tarayya, jihohi 12 na arewa, ciki har da Kaduna, suna da dokokin shari'ar Musulunci da ke aiki a kan Musulmi, inda hukuncin luwaɗi ke iya kaiwa ga jefewa. Wata kotu a Ningi ta Jihar Bauchi ta yanke wa maza uku irin wannan hukunci a 2022, ko da yake tun da aka dawo da shari'ar a 2000 ba a taɓa zartar da hukuncin jefewa a kan kowa ba a Najeriya.

Kudancin kogin Kaduna

Birnin Kaduna yana da nasa yanayi na daban. Rikicin shari'a na watannin Fabrairu da Mayun 2000, wanda ya ci rayukan mutane fiye da 1,000, da kuma rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya a watan Nuwamban 2002, sun raba birnin gida biyu.

Akasarin Musulmi sun tattara a arewacin kogi, a unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Akasarin Kiristoci kuma sun koma kudu, a Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi, ko da yake har yanzu akwai Musulmi da dama a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa.

Kudancin kogin dai tun asali matattarar baƙi ce. Masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, sun jawo dubban ma'aikata daga ko'ina a ƙasar, aka kuma gina gidajen haya masu ɗakuna a jere domin su. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi baya, ayyukan yi suka tafi, ɗakunan hayar suka rage.

Ana iya zaton a irin wannan wuri baƙo zai sami inda zai fake ba tare da an tambaye shi asalinsa ba. To sai dai rikice-rikicen sun koya wa mazauna kowane ɓangare sa ido a kan baƙuwar fuska, kuma unguwanni da yawa suna da 'yan sintiri. Samari biyar ko shida da ba 'yan uwa ba, suna zaune a ɗaki ɗaya, ba za su daɗe ba a lura da su ba.

Haka kuma tsallake gada ba ya sauya ra'ayin jama'a kan wannan batu. Shugabannin Musulmi da na Kirista, waɗanda suka sha bamban a kan al'amura da dama, sun haɗu wajen yaba dokar 2014. Binciken Cibiyar Pew na 2019 ya nuna kashi 91 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ganin bai kamata al'umma ta amince da neman jinsi ɗaya ba.

Sannan ga batun kuɗin haya. Masu gidaje kan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ban da la'adar dillali, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata.

Tsohon tsarin 'yan daudu

Matsalar ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma a da tana da nata magani. 'Yan daudu, waɗanda ba dukkansu ne ke neman maza ba, sun daɗe suna sayar da abinci a tashoshin mota da kasuwanni. Yaron da ya bar gida yakan sami babban ɗan daudu ya riƙe shi, ya ba shi wurin kwana, ya koya masa girki da suya, ya sa shi cikin adashi.

Masanin harshe Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma wallafa littafi a kan 'yan daudu a 2009, ya bayyana yadda zuwan shari'a a 2000 ya tarwatsa wuraren zamansu da sana'arsu, har wasu suka bar garuruwansu.

Wasu iyayen kuma, maimakon kora, sukan kai 'ya'yan da suke ganin sun kangare gidajen mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun ceto mutane fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa, wasunsu ɗaure da sarƙa, abin da ya nuna cewa wannan hanya ma tana da nata haɗari.

Ta ina kuɗin ke bi?

Tun da ba a iya yin gangami a fili, taimakon da ake samu yakan bi ta hanyoyi uku: karo-karo tsakanin abokai, da gudunmawar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da kuma ƙungiyoyin kiwon lafiya da na kare haƙƙin ɗan'adam masu samun tallafi daga waje.

Kowace hanya tana da rauninta. Kuɗin da aka tara a ɓoye ba su da mai binciken yadda aka kashe su. Sirrin da ke kare matashi daga masu farauta, shi ne kuma ke iya kare wanda zai cuce shi a cikin gidan da aka ba shi mafaka, domin ba shi da inda zai kai ƙara.

Tallafin waje kuma ba shi da tabbas. A watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da akasarin taimakon da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, abin da ya girgiza shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau.

Ban da haka, jama'a na ɗari-ɗari da duk kuɗin waje da aka danganta da wannan batu. An ga haka a watan Yulin 2024, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu tare da Tarayyar Turai, har sai da gwamnati ta fito ta musanta cewa yarjejeniyar ta ƙunshi amincewa da auren jinsi.

Tara matasan a gida guda ma yana da haɗari. A watan Maris na 2020 jami'an tsaro a Uganda sun kai samame wani gidan mafaka a Kyengera, kusa da Kampala, suka kama mutane 23, aka tsare akasarinsu na kusan kwana 50. A Ghana, wata cibiya da aka buɗe a Accra a ƙarshen Janairun 2021 ba ta cika wata guda ba aka rufe ta.

Abin da ke tattare da barin su a titi

Matashin da ba shi da wurin kwana yakan faɗa hannun masu ba shi masauki domin su yi lalata da shi, ko masu yaudararsa ta wayar salula su yi masa barazanar tona asiri idan bai biya kuɗi ba. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2016 ya kawo misalai da dama na duka da tatsar kuɗi da suka biyo bayan dokar.

Akwai kuma batun lafiyar jama'a. Binciken gwamnatin tarayya na 2014 ya nuna kimanin kashi 23 cikin 100 na maza masu neman maza suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, alhali ƙidayar ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 1.4 ne tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49.

Wani nazari da aka yi a Abuja, aka wallafa a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa masu tsoron zuwa asibiti a cikinsu sun ƙaru daga kashi 25 zuwa kashi 38 bayan dokar. Wanda ba shi da tsayayyen masauki kuwa, da wuya ya riƙa shan magani a kan lokaci.

Masu adawa da kafa gidajen mafakar suna cewa yin hakan tamkar ɗaure wa saɓon Allah gindi ne. Masu goyon baya kuma suna cewa ba wa yaro wurin kwana daban, amincewa da abin da ake zarginsa da shi daban.

A fiƙihun Malikiyya dai, haddin luwaɗi ba ya tabbata sai da iƙirari ko shaidu huɗu, kuma hukuma ce kaɗai ke zartar da shi. Littafin Risala ya ɗora wa uba ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da takwararta ta Jihar Kaduna ta 2018, su ma sun ɗora wa iyaye da gwamnati nauyin kula da yaro.

Saboda haka, ko da an ajiye batun ƙungiyoyi da kuɗin waje a gefe, tambayar da ke gaban iyaye da malamai da hukumomi a ɓangarorin kogin biyu tana nan: idan aka kori ɗan shekara 16 daga gida bisa zargin da kotu ba ta tabbatar ba, a kan wa nauyinsa ya koma?