Tsawon kwantiragi ko yawan albashi: Lissafin da ke gaban matasan 'yan bayan hoki

A gasar NHL ta wasan hokin ƙanƙara, wadda ƙungiyoyi 32 na Amurka da Kanada ke fafatawa a cikinta, matashin ɗan wasan baya kan fuskanci babbar shawara tun yana da shekara 21 ko 22. Ko dai ya sa hannu a doguwar yarjejeniya da za ta lamunce masa kuɗi na shekara bakwai ko takwas, ko ya karɓi gajera da fatan farashinsa zai tashi nan gaba. Bambancin da ke tsakanin zaɓin biyu kan kai miliyoyin daloli.

Dokokin da suka ɗaure ciniki

Tun daga shekarar 2005, bayan rikicin albashi da ya sa aka soke kakar wasa guda sukutum, NHL ke ƙayyade adadin kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan 'yan wasanta. An fara da dala miliyan 39, a kakar 2025-26 kuma ya kai miliyan 95.5. Ana raba jimillar kuɗin kwantiragi ne da yawan shekarunsa, abin da ya fito shi ake lissafa wa ƙungiya duk shekara.

Sabon ɗan wasa mai shekara 18 zuwa 21 yana farawa da kwantiragin shekara uku mai ƙaramin albashi. Idan ya ƙare, ba ya da cikakken 'yancin komawa inda ya ga dama sai ya kai shekara 27, ko ya buga kaka bakwai a gasar. Kafin lokacin, wata ƙungiya na iya yi masa tayi, amma tasa na da haƙƙin biyan daidai wannan tayin ta riƙe shi. Saboda haka shekarun da ke bayan samun 'yanci su ne masu tsada, kuma su ƙungiyoyi ke son saye tun da wuri ta hanyar dogon kwantiragi.

Abin da tsawo ke saye

Hausawa na cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kwantiragin NHL lamuni ne: ɗan wasan da ya ji rauni a bakin aiki yana ci gaba da karɓar albashinsa. Ko da ƙungiya ta so rabuwa da shi, sai ta biya shi kashi biyu bisa uku na ragowar kuɗinsa idan ya kai shekara 26, ko kashi ɗaya bisa uku idan bai kai ba.

Wannan lamuni yana da nauyi ga ɗan baya, domin shi ne ke tare ƙwallon roba mai tauri da jikinsa, shi ake bankewa da katangar fili, kuma manyansu kan yi fiye da minti 20 a kowane wasa. Jake Sanderson na Ottawa Senators ya zaɓi wannan hanya a 2023, inda ya karɓi dala miliyan 64.4 na shekara takwas bayan kaka ɗaya tak a gasar.

Sai dai kuɗin da aka rubuta ba ya motsi, alhali kasuwa na tafiya. Duk ma'aikacin da albashinsa ya tsaya cik yayin da kaya ke tsada ya san wannan ciwo. An riga an sanar cewa iyakar albashin ƙungiya za ta kai dala miliyan 113.5 a kakar 2027-28. Miliyan 8.05 da Sanderson ke karɓa a shekara ya kai kashi 9 cikin 100 na iyakar a kakar da ya fara aiki, amma a lokacin zai koma kusan kashi 7. Ribar wannan ragi ta ƙungiya ce.

Darasin Subban da Josi

A shekarar 2013 wasu matasan 'yan baya biyu sun bi hanyoyi mabambanta. P.K. Subban na Montreal Canadiens ya karɓi kwantiragin shekara biyu a kan dala miliyan 5.75, irin wanda ake kira gada saboda yana tsallakar da ɗan wasa zuwa babbar yarjejeniya. A shekarar ce ya lashe kambun Norris na gwarzon ɗan baya, kuma a 2014 ƙungiyar ta ba shi miliyan 72 na shekara takwas.

Roman Josi na Nashville Predators kuwa ya amince da miliyan 28 na shekara bakwai. Da aka mayar da Subban Nashville a 2016, sai ga su a ƙungiya ɗaya, wannan na kan miliyan 9 a shekara, wancan na kan miliyan 4. A cikin waɗannan kakanni bakwai, Subban ya samu kusan ninki biyu na abin da Josi ya samu. Shi ma Josi ya lashe Norris a 2020, a kakar ƙarshe ta wancan kwantiragi mai araha.

Evan Bouchard na Edmonton Oilers ya maimaita dabarar Subban. Ya karɓi miliyan 3.9 a shekara na tsawon shekara biyu a 2023, sannan a 2025 ya samu miliyan 10.5 a shekara na shekara huɗu.

Shekarun da za a fito da su

Tambaya ta uku ita ce shekarun ɗan wasa ranar da yarjejeniya za ta ƙare. John Klingberg ya sa hannu a kwantiragin shekara bakwai na miliyan 29.75 da Dallas Stars a 2015. Ya fito kasuwa a 2022 yana dab da cika shekara 30, a daidai lokacin da annobar korona ta daskarar da iyakar albashi a kan miliyan 81.5 har kaka uku. Bai samu doguwar yarjejeniya ba. Ya karɓi shekara ɗaya a Anaheim, wata ɗaya a Toronto, inda tiyatar ƙugu ta katse masa kaka.

Wannan ne ya sa wasu ke bin tsakiya. Cale Makar na Colorado Avalanche ya karɓi miliyan 54 na shekara shida a 2021, wanda zai ƙare a 2027 yana da shekara 28, lokacin da ɗan baya ke kan ganiyarsa.

Ma'aunin da wakilai ke dubawa

Wakilan 'yan wasa kan auna abubuwa huɗu: tarihin rauni, ko matashin ya riga ya nuna iyakar bajintarsa, inda iyakar albashi ta dosa, da harajin garin da zai zauna. Jihohi irin su Florida da Texas da Tennessee ba sa karɓar harajin albashi na jiha, don haka miliyan 8 a can ta fi miliyan 8 a Montreal auki.

Dokar ma tana sauyawa. Sabuwar yarjejeniyar da NHL ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2025 ta rage mafi tsawon kwantiragi daga shekara takwas zuwa bakwai ga wanda ya zauna a ƙungiyarsa, da kuma daga bakwai zuwa shida ga wanda ya sauya sheƙa, daga Satumbar 2026. Matashin da ya sa hannu yana da shekara 22 zai dawo teburin ciniki yana da 29 ko ƙasa da haka.