Abinci Da Ƙurajen Fuska

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa nakan ji ana gardama a ɗakin cin abinci a kan ƙurajen fuska. Wani ya ce gyaɗa ce ke kawo su, wani ya ce man ja, har akwai masu ƙin miya domin tsoro. Tun da yake gobe mu ne za mu tsaya gaban yara masu shiga balaga, na ga ya kamata mu san gaskiyar al'amarin.

Da fari, ga yadda ƙurjin ke fitowa. A gindin kowane gashi akwai wata 'yar jaka mai yin maiƙo don fata kada ta bushe. In yaro ya balaga, sai jiki ya ƙara wa jakar nan aiki. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata, ya toshe ƙofar gashin. Sa'an nan ƙwayoyin cuta su yi yawa a ciki, wurin ya kumbura, ya tara ruwa. Watau tushen abin balaga ce da gado, ba ƙazanta ba.

To, ina abinci ya shigo? A 1969 an gwada cakulan a kan mutum 65 a Amurka, aka ce ba ruwansa. Daga nan likitoci suka shekara wajen talatin suna cewa abinci ba shi da laifi. Amma a 2002 aka ba da labarin mutum 1,200 na tsibirin Kitaba a Papuwa Niyu Gini, masu cin doya da dankali da kifi da kwakwa. Ba a sami ko ɗaya da ƙurajen nan ba. A 2007 kuma, a birnin Melbon na Ostareliya, aka raba samari 43 gida biyu har mako 12. Waɗanda aka rage wa sukari da farin gari, ƙurajensu sun fi raguwa.

Dalili kuwa shi ne, farin burodi da alewa da lemon kwalba suna ɗaga sukarin jini nan da nan. Sai jiki ya saki sinadarin insulin da yawa, shi kuma ya zuga jakunkunan nan su ƙara maiƙo. Wake da gero da dawa da ganye suna narkewa sannu a hankali, don haka ba su yin wannan ɓarna sosai.

Madara ma an zarge ta. Wani likita ɗan Nijeriya, Clement Adebamowo, da abokan aikinsa a Jami'ar Habad, sun tambayi mata fiye da 47,000, suka buga sakamako a 2005. Waɗanda suka fi shan madara da ƙuruciya, musamman wadda aka cire wa mai, sun fi fama da ƙuraje. Amma tafiya tare ba ta tabbatar da cewa wannan ne ya haifi wancan ba. Gyaɗa da man ja kuwa, ba a kama su da laifi ba. Man da ke toshe fuska shi ne mai kauri da ake shafawa, balle na bilicin.

Shawarata ke nan. A rage sukari a shayi da koko, a yi haƙuri wata biyu ko uku kafin a ga bambanci. A wanke fuska sau biyu a rana, ba da dirza ba. Kada a matse ƙurji, gama a baƙar fata tabonsa yakan daɗe. In sun yi manya suna zafi, a tafi asibiti, akwai magani.

In kun ga yaro a aji yana ɓoye fuska, ku hana a yi masa dariya, kada kuma ku bari ya ƙi abinci yana tsakiyar girma. Allah ya ba mu lafiya.