Saƙar rigar sanyi da zaren auduga

Idan hunturu ya kama, wajen Disamba da Janairu, safiya takan zo da ɗari. Yara suna tafiya makaranta hannu cikin hammata, haƙora suna kaɗawa. Amma kafin azahar rana ta yi zafi. Rigar ulu mai kauri tana da daɗi da asuba, da hantsi kuwa sai ta zama kaya. Rigar zaren auduga, wadda wasu ke kira kaɗa, ta fi dacewa da irin sanyinmu. Tana tare iska, tana shan gumi, kuma ba ta ƙaiƙayi.

Kun san saƙar masaƙa. Masaƙi yana aiki da zare kashi biyu, na tsaye da na kwance, ƙoshiya tana ratsa su. Saƙar tsinke dabam take. Zare guda ne tak, da tsinke biyu masu santsi. Ana yin zarge a kan tsinke, a jawo wani zargen ta cikinsa, a sake jawo wani. Kowane zarge ana ce masa ido. Idanu suna jeruwa su yi sahu, sahu ya hau kan sahu, har riga ta tashi. Wannan sana'a ta daɗe. Tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka samu a duniya safa ne daga ƙasar Masar, na tsakanin shekarar 1000 da 1300. Da zaren auduga aka saƙa su, fari da shuɗi.

Ido iri biyu ne kawai. Akwai idon gaba: zare yana bayan aiki, a soka tsinke, a naɗa, a jawo. Idan kun dube shi, ya yi kama da sawun tsuntsu. Akwai idon baya: zare yana gaban aiki, kuma yana barin ɗan ƙulli a kwance. Ku juya saƙar ku gani. Idon gaba ta wancan gefe idon baya ne. Duk adon da kuke gani a jikin riga, mai tudu da kwari, daga jera waɗannan biyun yake fitowa, ba daga launi ba.

Ga misali. A yi idon gaba ɗaya, idon baya ɗaya, har ƙarshen sahu. A sahu na biyu, idan aka ɗora kowane ido a kan irinsa, sai a samu dogayen layuka kamar kunyoyin gona. Wannan saƙa tana miƙewa, tana komawa. Ita ake sa wa a gindin riga, da bakin hannu, da wuya. Idan kuwa aka saɓa, aka ɗora idon gaba a kan na baya, na baya a kan na gaba, sai ƙananan ƙwayoyi su fito ko'ina. Faransawa suna kiran wannan ado ƙwayar shinkafa. A ganina ya fi kama da zangarniyar hatsi. Yana da wani amfani: saƙar da aka yi da ido iri ɗaya a fuska guda tana naɗewa a gefe kamar busasshen ganye, amma ƙwayar shinkafa kwance take zama. Sai dai a kula. Duk sanda za a canja ido, sai a ratso da zaren ta tsakanin tsinken biyu. Wadda ta manta, za ta ga rami, kuma idanunta su ƙaru da ɗaya.

To, auduga tana da halinta, kuma nan ne wahalar take. Gashin tumaki a lanƙwashe yake. In an ja shi ya miƙe, in an sake shi ya koma. Zaren auduga ba ya komawa. Idon da aka matse zai zauna a matse, wanda aka sake zai zauna a sake, kowa ya gani. Kuma yakan ja baya a wankin farko. Saboda haka ba a fara riga sai an yi gwaji.

Ga yadda ake gwajin. A ɗauki tsinke mai kaurin milimita 4. A saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, da adon da za a yi wa rigar. A wanke shi, a shimfiɗa ya bushe. Sannan a ɗora ma'auni a tsakiyarsa, a ƙidaya idanun da ke cikin santimita 10. Masu gaggawa suna tsallake wannan, wai ɓata zare ne. Na san wata da ta yi mako uku tana saƙa wa ɗanta riga ba gwaji. Da aka wanke ta, sai ƙanensa mai shekara 4 ne ya iya sa ta. Yaron ya ƙare hunturu da tsohuwar rigarsa.

Yanzu ku ɗauko allo mu yi lissafi. A ce mun samu ido 20 cikin santimita 10, wato ido 2 a kowace santimita. Za mu saƙa wa yaro mai shekara 8. Mun auna kewayen ƙirjinsa, santimita 64. Mu ƙara 8 don ya sake, ya zama 72. Riga tana da gaba da baya, kowanne ya ɗauki rabi, santimita 36. Sau 2, ido 72 ke nan za mu ɗora a kan tsinke. Amma in hannun mai saƙar yana sake zare, ta samu ido 18 maimakon 20 ba ta sani ba, ido 72 ɗin nan zai ba ta santimita 40. Kewayen rigar ya zama 80. Ido biyu kaɗai suka jawo haka.

Rigar yaro kamar wannan tana cin zare wajen giram 350, wato dunƙule 7 masu giram 50. A saye su rana ɗaya, daga rini ɗaya. In zare ya ƙare a tsakiyar aiki, wanda za a ƙaro ba lalle launinsa ya zo daidai ba.

Ana fara da bayan riga. A yi kunyoyi santimita 4 da tsinke wanda ya fi siriri kaɗan, don gindin ya kama jiki. A koma tsinken milimita 4, a ci gaba da ƙwayar shinkafa har tsawo ya kai santimita 42, a rufe. Sahu wajen 130 ke nan. Ku ninka da 72 ku ga yawan idanun da ke bayan riga kaɗai. Gaba ma haka ake yinsa, sai dai idan ya rage santimita 6, a rufe idanun tsakiya, a gama kowace kafaɗa dabam. Hannu ana fara shi da ido 36. Bayan kowane sahu 8 a ƙara ido ɗaya dama, ɗaya hagu, har su kai 60. Sannan a haɗa guntayen nan huɗu da babbar allura, da irin zaren da aka yi saƙar.

Saura wuya. Kan yaro babba ne. Mai shekara 8, kewayen kansa ya haura santimita 50, kusan kamar na babba. Ana tsince idanu kewaye da ramin wuya, a yi kunyoyi santimita 3. Sahun ƙarshe shi ne abin tsoro. In an rufe shi a matse, auduga ba za ta ba da hanya ba, kai ba zai shiga ba, ko yaro ya yi ta kuka ana ja. A rufe shi da tsinke mai kauri, hannu a sake. Kafin a yanke zare, a kira mai rigar ya gwada.

Ranar wanki, ruwan sanyi da sabulu sun isa. Kada a murɗa ta, a dai matse ruwan a hankali. Kada kuma a rataye ta a igiya. Auduga tana shan ruwa da yawa, nauyinsa zai ja rigar ƙasa, kafaɗu su zube, hannaye su wuce yatsu. A shimfiɗa ta a kan tabarma mai tsabta, cikin inuwa, a gyara mata gefe da hannu. In sama ya bushe, a juya ta.