Idan Uwa Ta Dawo da Kwalba

Shirinmu na musamman na yau domin iyayen yara muka shirya shi, musamman na karkarar Alakos da ke cikin gundumar Gure a jihar Damagaram, tun daga Garazu har zuwa ƙauyuka da rugagen da ke nesa da hanyar mota. Za mu yi magana a kan ruwan maganin jarirai, wanda muka fi sani da siro, da kuma abin da kan biyo baya idan aka ba yaro ya sha, jikinsa ya rikice, aka koma wurin wanda ya sayar.

Bari mu fara da Zariya. A watan Nuwamba na shekarar 2008, likitocin yara na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai. Ana kawo jarirai da zazzaɓi da amai da gudawa, irin waɗanda suka saba gani kullum, amma bayan ƴan kwanaki sai fitsari ya ɗauke musu gaba ɗaya, jiki ya kumbura, ƙoda ta tsaya. A daidai wannan lokaci asibitocin koyarwa na Legas da Ibadan su ma suna ganin irin haka. Da aka riƙa tambayar iyaye mata abin da suka ba yaran kafin a kawo su, sai suna ɗaya ya yi ta fitowa daga bakinsu: My Pikin, wani siro na haƙori da kamfanin Barewa ke yi a Legas.

Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, wadda a lokacin marigayiya Dora Akunyili ke shugabanta, ta gwada maganin. Aka samu sinadarin dayetilin gilaikol a cikinsa. Wannan sinadari na masana'antu ne, ana amfani da shi a man birki da ruwan sanyaya inji. Ba shi da launi, kusan ba shi da wari, kuma yana da ɗan zaƙi, don haka yaro ba ya tofar da shi. Masu haɗa siro suna buƙatar wani ruwa mai kauri da ake narkar da magani a cikinsa, kamar furofilin gilaikol ko giliserin. Shi wannan mai gubar ya yi kama da su a ido, ga shi kuma ya fi su araha. Kamfanin ya sayi ruwan ne a hannun wani dillalin sinadarai marar lasisi, ya zuba a maganin jarirai. Idan ya shiga jiki, hanta ce ke sarrafa shi ya koma wata guba da ke cinye ƙoda.

Hukuma ta rufe masana'antar tun a cikin watan na Nuwamba, ta yi shela a rediyo da talabijin cewa kowa ya daina amfani da maganin. A lokacin ana maganar yara 25 ne suka rasu. Zuwa watan Fabrairu na 2009, ministan lafiya Babatunde Osotimehin ya sanar da cewa yara 111 ne suka kamu, 84 daga cikinsu sun rasu, daga ɗan wata 2 zuwa ɗan shekara 7. Wani ɓangare na wannan ƙari rahotanni ne da suka makara a hanya. Amma akwai wani dalili da ya fi damun mu a wannan shiri: rufe masana'anta aikin yini ɗaya ne, kwalaben kuwa sun riga sun fita, suna kan kantocin ƴan kemis, suna cikin kwalayen ƴan sari, suna cikin ɗakunan mata a bayan jeren kwanuka. Wanda ya san inda kowace kwalba ta shiga shi ne wanda ya miƙa ta da hannunsa ya karɓi kuɗi.

To, mu dawo gida. Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye a ƙasar Gure ya san teburin magani. Wani ma ba tebur gare shi ba, tabarma ce ko buhu a shimfiɗe, ko kuma akwati ɗaure a bayan babur. Ga ƙwayoyi ja da rawaya, ga ƙananan kwalabe masu hoton jariri yana dariya, rana tana dukansu tun hantsi har la'asar. Kayan nan daga Damagaram ake saro su, da yawansu kuma daga Kano suka taso, suka biyo ta Daura da Matamaye ko ta Magarya. Hanyar da atamfa da omo da batir ke bi, ita siro ke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, cikin kowane magani 10 akwai 1 da yake jabu ne ko marar inganci.

Ba za mu zauna a nan mu zargi uwar da ta sayi magani a tebur ba. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce jinyar yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ce, kuma wannan mataki ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai mai tafiyar rabin yini a amalanke, wadda ta taɓa zuwa likita aka ce mata magani ya ƙare, aka ba ta takarda ta je ta saya, ita ta san abin da ya sa ta tsaya wurin mai tebur. Shi yana kusa, yana ba da bashi, ba ya yi mata tsawa.

Yanzu mu ɗauka ta saya. Yaro yana kuka, jikinsa da zafi, kakarsa ta duba bakinsa ta ce haƙori ne. Aka ba shi cokali ɗaya da safe, ɗaya da dare. Kwana biyu, uku, sai amai ya ƙaru. Sannan uwar ta lura da abin da babu wanda zai riga ta lura da shi: tun jiya take goye da shi, amma zaninta a bushe yake. Ta shafa shimfiɗarsa da asuba, ita ma a bushe. Iyaye mata, ku riƙe wannan. Jaririn da ya wuni ko ya kwana bai yi fitsari ba, ba a jiran ranar kasuwa, ba a jiran maigida ya dawo daga gona. A tsayar da duk wani siro da ake ba shi, a ci gaba da ba shi nono, a ɗauki yaro da kwalbar da kwalinta a nufi likita. Ko gudawa ce ta tsotse ruwan jikinsa, ko guba ce ta taɓa ƙodarsa, duka biyun ba sa jira.

Bayan haka ne ake komawa wurin mai magani, kuma yawanci maigida ne ke zuwa. Mun san yadda maganar kan kasance.

"Malam, maganin nan da na saya wurinka ran kasuwa, tun da yaron ya sha bai ƙara lafiya ba."

"Haba Alhaji! Mutum nawa suka sayi irinsa? Ba wanda ya dawo sai kai. Ni ma sarowa na yi, ba ni na haɗa shi ba. Kuma ka san kaya in sun fita ba sa dawowa."

Idan ta Allah ta kasance, yaron ya rasu, sai amsar ta zama guda ɗaya a bakin kowa: kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri. Mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara, babu rai da zai wuce wa'adinsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana a rufe rijiyar da yaro ya faɗa ba. Sauran kwalaben da ke cikin kwalin suna nan, kuma wata uwar tana tafe.

Kowace magana daga cikin waɗanda mai maganin ya faɗa tana da amsa. Ya ce ba wanda ya dawo. A ƙauye, mai tebur ɗan uwa ne ko suruki ko maƙwabci, da shi ake sahu ɗaya a masallaci, kuma mutane da yawa sun gwammace su haɗiye abin da ke ransu da a ce sun tozarta shi. Wanda ya daure ya zo, wataƙila a bayansa akwai gidaje biyu ko uku da suka yi shiru. Ya ce shi ma sarowa ya yi. Gaskiya ne, kuma ba mu ce shi ya zuba guba ba. Ƴan kemis ɗin da suka sayar da My Pikin ba su san abin da ke ciki ba, domin maganin kamfani ne mai lasisi, da kwalinsa da takardarsa. Amma tun da sarowa ya yi, ya san wurin wa ya saro, kuma wannan sunan shi ake nema. Batun kaya ba sa dawowa kuwa, malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yanke shi: wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba yana da haƙƙin mayarwa. Hadisi ya zo da labarin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa a kan ɓoye jiƙaƙƙen. Hatsi ke nan, balle abin da za a ɗura wa jariri.

Akwai kuma wani mai maganin da ya fi wancan iya magana, kuma ni a ganina ya fi shi haɗari. Shi ba ya musu. Da jin ƙorafi sai ya yi salati, ya jajanta, ya zaro dala ɗari ko jika ɗaya ya miƙa, ya karɓe kwalbar ya jefa ƙarƙashin tebur. Maigida ya koma gida yana yaba kirkinsa. Alhali shaidar ce ta tafi. A jikin kowace kwalba da kwalinta akwai lambar rukunin da aka haɗa ta a ciki, da ranar da aka yi ta, da ranar lalacewarta. A shari'ar My Pikin, rukuni mai lamba 02008 aka yi ta ambato a kotu, kuma da shi aka kama kamfanin. A watan Mayu na 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure ma'aikatansa biyu, mai kula da haɗa magani da mai kula da inganci, shekara 7 kowannensu. Saboda haka a karɓi kuɗi idan an bayar, haƙƙi ne, amma kwalba ta zauna a hannun ma'aikacin lafiya. Wanda ke da waya mai hoto ya ɗauki lambar kafin kwalbar ta bar hannunsa.

Ƴan uwa masu sayar da magani, da ku muke yanzu, kuma da girmamawa. Dokar ƙasa ta keɓe sayar da magani ga farmasi da wuraren da aka ba izini, kun san haka. Amma muddin kwalba ta fita daga hannunka, ranar da aka dawo maka da ƙorafi tambayarka ta farko ita ce, ina yaron, an kai shi likita? Idan ba a kai ba, ka tura su, in kana da babur ka ɗauke su. Ka sauke duk irin wannan siro daga tebur a ranar, kada ka rage masa kuɗi don ya fita da wuri, kada ka kai shi kasuwar gaba inda ba a san labari ba. Ka tuna gidajen da ka sayar wa, ka aika yaro ya gaya musu su dakata. Ka buga wa wanda ya sarar maka waya. Asarar kwali ɗaya ana mayar da ita kafin kaka ta zagayo, kuma mutumin da ya bi gida gida yana cewa kada a ba yara maganin da shi ya sayar, garin ba zai manta masa ba.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. Tun a 1990 irin wannan guba a siron farasitamol ta kashe yara fiye da 100 a Najeriya, a Jos da Ibadan. A 2022 ta sake ɓulla a Gambiya, inda yara kusan 70 suka rasu. Ranar 5 ga Oktoba na shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan siro iri 4 na tari da mura da kamfanin Maiden na Indiya ya yi. A lokacin Gambiya ba ta da ɗakin gwajin da zai gano gubar, sai da aka tura samfur ƙasashen waje, kuma sai da ma'aikatan lafiya da ƴan agajin Red Cross suka bi gida gida suna karɓar kwalabe. A Janairun 2023 hukumar ta ce yaran da suka mutu a Gambiya da Indunusiya da Uzbekistan sun haura 300, yawancinsu ƴan ƙasa da shekara 5. A watan Yuli na 2023 kuma aka fitar da gargaɗi a kan wani siro mai suna Naturcold a Kamaru.

Kafin mu rufe, magana ɗaya ga kakanni, don su ake fara nuna wa yaro. Fitar haƙori tana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, wannan haka yake. Amma likitocin yara sun tabbatar ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa. Abin da ke faruwa shi ne, daga wata 6 kariyar da yaro ya samu daga jikin uwarsa tana raguwa, ya fara rarrafe yana kai komai baki, an fara ba shi kunu da ruwa. A nan zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke samun sa, sai haƙori ya ɗauki laifi. Dasashi mai ƙaiƙayi yatsa wankakke ya ishe shi, a riƙa shafawa a hankali. Zazzaɓi kuwa gwajin jini yake so.

Wanda ke da kwalbar da yake shakka a kanta, ya kai ta wurin majo, wato shugaban likitar da ta fi kusa da shi, ko ya damƙa wa wakilin lafiya na ƙauyensu, ya faɗi ranar da ya saya da wurin da ya saya. Daga nan rahoto ke zuwa hukumar lafiya ta gundumar Gure, ya wuce Damagaram, ya kai Yamai, inda ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, yake. Idan an karɓi kwalbar, a nemi a rubuta sunan maganin da lambarsa a cikin littafi a gaban wanda ya kawo.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi.