Jirgin Sama A Garwa: Ga Fili, Ina Mai Doki?

Duk wanda yake Garwa a watan Janairun 2022 ba zai manta da irin cikar da garin ya yi ba. A lokacin ne aka buga gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka a Kamaru, aka ajiye ƙungiyar Nijeriya a nan, ta doke Masar da ci 1 da nema a filin wasa na Rumde Ajiya, kafin daga bisani Tunisiya ta yi waje da ita. A 'yan makonnin nan filin jirgin samanmu ya sha gyara, jirage na sauka suna tashi dare da rana. Amma wani abin lura shi ne, mafi yawan 'yan kallon da suka zo daga Yola da Mubi da Kano ba ta sama suka zo ba. Mota suka hau, wasu babur, suka sha ƙura da shingayen jami'an tsaro har suka iso. Da aka tashi daga gasar kuwa, filin ya koma shirun da muka san shi da shi.

Wannan shi ne ya sa muka ga ya dace mu zauna mu duba lamarin sufurin jiragen sama a arewacin Kamaru, musamman yadda ya shafi ɗan kasuwar da abincinsa ke kan iyaka.

Idan mai karatu bai manta ba, a birnin Yawunde ne ƙasashen Afirka 11 suka sanya hannu a 1961 suka kafa kamfanin Air Afrique. Bayan shekara 10, gwamnatin marigayi Ahmadu Ahijo, ɗan asalin Garwa, ta janye daga wannan haɗaka ta kafa nata kamfanin mai suna Cameroon Airlines a 1971. Dattawanmu har gobe suna ba da labarin zamanin da ma'aikaci ko attajiri zai yi sallar asuba a Garwa, ya yi azahar a Duwala. Daga baya al'amura suka soma taɓarɓarewa. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin kayan gyara da na hayar jirage suka ninka. A Disambar 1995 jirgin kamfanin ya faɗi daf da Duwala, mutane 71 suka rasu. A Nuwambar 2000 babban jirginsa ƙirar Boeing 747 ya zarce titin sauka a Paris, bai sake tashi ba. Bashi ya yi wa kamfanin katutu har ya durƙushe a 2008. Ba shi kaɗai ba ne: Air Afrique ya mutu a 2002, Nigeria Airways ya bi bayansa a 2003.

Kamfanin Camair-Co da ya gaje shi ya soma jigila ranar 28 ga Maris, 2011. Da farko ya sa ido ne kan hanyar Paris, daga baya ya tattara ƙarfinsa kan zirga-zirgar cikin gida da maƙwabta, ya shigo da ƙananan jirage masu farfela, irin MA60 na ƙasar Sin da Q400 na Kanada. Wannan ba abin raini ba ne. Haka duniya ta koma yanzu: ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum 70 da 'yan kai ya fi sauƙin cika, kuma bai kai babba shan mai ba. Sai dai ga ɗan kasuwa akwai inda gizo ke saƙar, domin cikin ƙaramin jirgi ba ya ɗaukar kaya da yawa.

Ko shakka babu, wanda ya taɓa bin ƙasa zuwa kudu ya san amfanin jirgi. Daga Garwa sai ka yi tafiyar kilomita kusan 280 a mota zuwa Ngaundere, ka haye dutsen nan na Falez da ya ci manyan motoci ba adadi, sannan ka jira jirgin ƙasa na yamma, wanda tun 1974 a nan layinsa ya tsaya, ka kwana kana tafiya kafin gari ya waye maka a Yawunde. Tafiyar wuni da kwana ke nan, alhali ta sama ba ta cika awa 2 ba. Ga wanda kwantenarsa ke tashar ruwan Duwala ana lissafa masa kuɗin ajiya kullum, tikitin jirgi komai tsadarsa yana iya zama araha.

To amma fa, duk filayen jiragenmu guda uku, wato Garwa da Marwa-Salak da Ngaundere, fuskarsu kudu take kallo. Hanya ce da aka shata don gwamna da ma'aikaci da soja da ɗan majalisa. Ita kuwa kasuwa tun zamanin fatake ba haka ta bi ba. Atamfa da takalma da kayan roba da kayan gyaran babur daga Kano da Onica suke shigowa, ta Mubi ko ta Belel da Demsa. Shanun Adumri da albasa da gyaɗa da shinkafa yamma suke nufa. Wani kayan kuma ya zarce gabas, zuwa Mbaibum da Kusiri da Njamena. Tsakanin Garwa da Yola, garuruwa biyu da ke shan ruwan Binuwai ɗaya, tazarar ba ta wuce kilomita 100 da 'yan kai ba idan aka miƙe ta sama. Duk da haka, Alhajin da ya rantse sai ta sama zai je Kano daga Garwa, sai ya gangara Duwala, ya tsallaka Legas, sannan ya sake hawowa arewa. Tikiti uku, kwana biyu, don zuwa garin da direban mota zai kai shi da kuɗin da bai kai rubu'in wannan ba.

Shi ya sa da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Dubai da Guwanzu da Istanbul suke da hanya biyu. Ko dai su bi kudu su hau jirgin Habasha ko na Turkiyya a Duwala ko Yawunde, ko kuma su tsallaka iyaka da mota, su hau jirgi a Yola zuwa Abuja, ko su zarce filin jirgin Malam Aminu Kano. Abin da ke raba gardama shi ne canji. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi warwas, mai sefa a aljihu yakan ga sauƙi a wancan ɓangaren, domin ita sefa a ɗaure take da yuro. Kowane fasinja da ya tsallaka haka, kuɗin shiga ne ya kuɓuce wa filin Garwa, kuma babu littafin da zai nuna cewa mutumin Garwa ne ya yi tafiyar. Idan kamfani ya duba alƙaluma sai ya ce babu fasinja a nan, alhali fasinjan yana can bisa babur a hanyar Demsa.

Lokaci guda a shekara ne filin Garwa yake amsa sunansa na filin ƙasa da ƙasa, wato lokacin aikin Hajji, sa'ad da manyan jirage ke kwasar maniyyatan arewa kai tsaye zuwa Saudiyya. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa titin saukar yana iya ɗaukar babban jirgi, kuma jama'a suna iya biya idan tafiyar ta zama tabbas.

Me ya hana a buɗe hanyar maƙwabta? A takarda babu abin da ya hana. Tun 1999 aka cim ma yarjejeniyar Yamusukuro ta buɗe sararin samaniyar Afirka, kuma a Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Adis Ababa. Amma a aikace kowace ƙasa tana kare kamfaninta. Haraji da kuɗin fili da ake ɗorawa kan tikitin ƙetare suna da nauyi ko da tafiyar ta minti 30 ce. Man jirgi kuma daga bakin teku ake hawo da shi, ga kuɗin haya da inshora duk da dala ake biya. Kamfanin ASKY da ya soma aiki daga Lome a 2010 tare da haɗin gwiwar kamfanin Habasha ya nuna cewa ana iya haɗa biranen Afirka a ci riba, sai dai shi ma manyan birane ya fi bi.

A shirye-shiryenmu na rediyo, ƙorafin da masu saurare suka fi bugo waya a kansa ba tsada ba ne, rashin tabbas ne. Mu ma ganau ne. Akwai wata shekara da muka shirya zuwa taro a Yawunde cikin hunturu, hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen titin jirgi, muka wuni a zaune da jakunkuna, da la'asar muka haƙura muka nufi tashar mota. Kusa da mu akwai wata Hajiya da jirginta na ƙetare zai tashi daga Duwala a daren, tana ji tana gani tikitin ya tafi. Hazo ikon Allah ne, kuma matuƙin da ya ƙi sauka bai yi laifi ba. Darasin da muka ɗauka shi ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, mai tafiyar ƙetare ya bar tazarar kwana guda cur tsakanin jirgin gida da na waje.

Akwai wasu abubuwan da ya kamata 'yan uwa 'yan kasuwa su kiyaye. Tun 2008 aka daina tikitin takarda mai shafuka, yanzu lamba ce a kwamfuta, don haka kada ka rabu da ɗan kamasho sai ka tabbatar da lambar a ofishin kamfani ko a waya, kuma sunan ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Yawancin jiragen ƙetare kilo 23 suke ba kowace jaka, na cikin gida kuwa sau da yawa ƙasa da haka, wanda ya dawo daga Dubai da jaka biyu sai ya tanadi kuɗin ƙarin nauyi a Duwala, ko ya ba motar kaya. Turare da man shafawa da suka wuce mililita 100 ba sa shiga jakar hannu, batirin cajin waya kuma ba ya shiga jakar da za a sa a cikin jirgi, a hannu ake riƙe shi. Idan kaya ya ɓata ko ya lalace a tafiyar ƙetare, kada ka fita daga fili sai an rubuta maka takardar shaida. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 ta ba da kwana 7 a kai kuka a rubuce kan kayan da ya lalace, kwana 21 kan wanda ya makara, kuma diyyar tana da iyaka, saboda haka zinare da kuɗi da wayoyi masu tsada ba kayan jefawa cikin akwati ba ne.

Kiranmu ga hukumar kula da sufurin sama ta Kamaru da takwararta ta Nijeriya, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Garwa da Yola da Kano, shi ne su zauna tebur ɗaya. Ba babban jirgi muke roƙo ba. Ƙaramin mai farfela, sau biyu a mako, Kano zuwa Garwa zuwa Njamena, a ranakun da kowa ya sani kuma ba sa canjawa, ya isa a gwada. Su kuma shugabannin kasuwanni su tattara sunayen mutanensu masu tafiya da yawan tafiyar da suke yi a shekara, su miƙa a rubuce, domin kamfani ba ya saka jirgi kan labarin baka. In ba a yi haka ba, za mu ci gaba da wucewa ta gefen katangar filin jirgi bisa babur, muna hango titin da aka gina da kuɗinmu.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya, Ya sa albarka a nema.